Yaran Koci Thomas da Garin da Ya Ƙi Watsewa

A arewa maso gabashin jihar Iowa ta ƙasar Amurka, a tsakiyar gonakin masara da waken soya, akwai wani ɗan gari mai suna Parkersburg. A ƙidayar shekarar 2000 mutanensa 1,889 ne, babba da yaro. Kimanin kilomita takwas yamma da shi akwai Aplington, wanda bai ma kai shi yawan jama'a ba. Makarantar sakandare ɗaya garuruwan biyu suke da ita, ɗalibanta maza da mata ba su cika 300 ba. Amma a kakar wasa ta 2008, tsofaffin ɗaliban wannan makaranta har mutum huɗu ne suke buga wasa a lokaci guda a NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka: Casey Wiegmann a Denver, Jared DeVries a Detroit, Brad Meester a Jacksonville, sai Aaron Kampman a Green Bay.

Sai an yi lissafi kafin a ji nauyin wannan magana. Samari kusan miliyan ɗaya ne ke buga wasan nan a makarantun sakandaren Amurka duk shekara. Ƙungiyoyin NFL kuwa 32 ne, kowacce da 'yan wasa 53, wato guraben duka ba su kai 1,700 ba. Ga ƙauyen manoma ya cike huɗu daga ciki, kuma dukkansu ta hannun mutum ɗaya suka biyo: Ed Thomas, malamin aji kuma kocin ƙungiyar makarantar, wadda ake kira Falcons.

Wasan dai ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne. Tasu ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu, a hannu ake riƙe ta, a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, abokan karawa kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da wanda ke ɗauke da ita. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, kowa da hular kwano da abin kare kafaɗa. A sahun gaba akwai ƙarti waɗanda aikinsu turereniya ce: ko su buɗa wa mai gudu hanya, ko su toshe ta. Ba su ne masu cin maki ba, kuma ba kasafai ake jin sunansu a lasifika ba sai in sun yi laifi. To, duk mutum huɗun nan 'yan wannan sahu ne. Masu aikin wahala Thomas ya saba fitarwa, waɗanda za su sha duka sa'a biyu wani ya karɓi tafi.

An haife shi a 1950, ya tashi a wani ƙauyen Iowa mai suna What Cheer. Ya fara aikin koci a 1972 a wata ƙaramar makaranta, ya zo Parkersburg a 1975, bai sake ɗaga ƙafa ba. Cikin shekara 37 ya ci wasa 292, an cinye shi a 84. Sau 19 yana kai yaransa gasar fid da gwani ta jiha, sau biyu yana dawowa da kofi, a 1993 da 2001. A 2005 hukumar NFL ta zaɓe shi gwarzon kocin sakandare na ƙasar baki ɗaya. Duk da haka da safe aji yake shiga ya koyar da darasin zaman jama'a, ranar Lahadi kuma dattijo ne a cocinsu, yana karantar da masu zuwa.

Kofin 1993 yana da wani tarihi a bayansa. Kafin 1992 kowane gari da sakandarensa da ƙungiyarsa. Amma ƙauyukan Iowa sun daɗe suna zubar da mutane: gonaki suna ƙara girma, injuna suna maye gurbin hannaye, yara suna raguwa a aji. Dole ta sa aka haɗe makarantun biyu, aka ajiye babbar sakandare a Parkersburg. Irin wannan haɗi yakan bar tabo, domin garin da aka ɗauke wa sakandare gani yake an ɗauke masa suna. Shekara ɗaya da haɗewar, yaran garuruwan biyu, cikinsu har da DeVries da Meester, suka je Cedar Falls suka ɗauko kofin jiha da riga iri ɗaya a jikinsu. Iyayen da jiya suke zaune a ɓangarori biyu na fili suna yi wa juna ihu, yau ga su a benci guda. Abin da taron hukumar makaranta zai shekara goma bai ɗinke ba, yara sun ɗinke shi a kaka biyu.

A irin waɗannan garuruwa daren Juma'a na ƙwallo ne. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, da an kunna fitilun fili kowa ya nufi can: manomi da ma'aikacin banki, tsohuwa da bargonta, jariri a kafaɗa. Shi kuma filin Parkersburg, Thomas bai yarda ya bar wa kowa kula da shi ba. Shi ke hawa injin yankan ciyawa, shi ke ba ta ruwa, shi ke durƙusawa ya tuge haki. Mutanen gari suka laƙaba wa wurin suna Eka Mai Tsarki, rabi zolaya rabi girmamawa, sunan kuma ya bi shi, ko da yake a hukumance sunan kocin aka sa wa filin.

Ranar Lahadi 25 ga Mayu, 2008, ana dab da ƙarfe biyar na yamma, jiniyar gargaɗi ta ɗauki kuka.

Tsakiyar Amurka ƙasar mahaukaciyar guguwa ce. A bazara iska mai ɗumi da laima takan taso daga Tekun Meziko ta haɗu da busasshiya mai sanyi daga arewa da yamma, hadari ya haɗu ya fara juyawa, wani lokaci ya sako wutsiya har ƙasa. Tun 2007 ake auna ƙarfinta da ma'aunin da ke tashi daga EF0 zuwa EF5, gwargwadon ɓarnar da ta bari. Wadda ta sauka kusa da Aplington ta nufo Parkersburg a wannan yammaci EF5 ce, ta biyu da aka taɓa ba wannan matsayi tun da aka fara aiki da ma'aunin. An ƙiyasta gudun iskarta ya kai kilomita 330 a sa'a, faɗinta a cikin gari ya haura kilomita ɗaya, ta kuma yi tafiyar kusan kilomita 70 kafin ta mutu. Rabon Iowa da ganin irinta tun 1976.

Ta kudancin gari ta bi. Gidajen can galibi na katako ne, kowanne da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma can ake gudu idan jiniya ta yi kuka. Ed Thomas da matarsa Jan suka sauka nasu suka maƙale. Cikin 'yan mintuna komai ya wuce. Da suka hau sama babu gida. Maƙwabta ma babu. Gidaje fiye da 200 sun tafi, da shaguna, da ofishin hukumar gari. Bishiyoyi sun zama kututture, an saɓule musu ɓawo. Motoci sun dunƙule. Daga baya an riƙa tsintar takardun mutanen garin har a jihar Wisconsin. Mutum bakwai suka rasu a Parkersburg, biyu a New Hartford da ke gabas da shi, da dama suka ji rauni, ciki har da kakan Aaron Kampman. Da ba don ranar hutu ce ba da abin ya fi haka muni, domin sakandaren ma ta rushe: rufi ya tafi, ɗakin wasanni ya faɗi. Filin da ke gefenta kuwa, allon maki ya karye, ƙarafan gola sun lanƙwashe, kujerun 'yan kallo sun zama tarkace, ita kuma ciyawar da ake lallaɓawa ta cika da gilashi da ƙusoshi da tsinken katako, wasu sun nutse cikin ƙasa.

Ba a gama tantance asara ba Thomas ya fito ya ce abu biyu. Na ɗaya, a nan inda gidansa yake zai sake gini. Na biyu, wasan farko na gida da aka tsara yi ranar 5 ga Satumba, a wannan fili za a buga shi.

Duk mai hankali zai iya jin haushin wannan magana, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ga gawarwaki ba a daɗe da binnewa ba, ga ɗaruruwan mutane suna kwana a gidajen dangi da na abokai, ga yara babu aji, shi kuwa wannan bawan Allah ciyawa ce a gabansa? In da a ce son ƙwallo ne kawai ya sa shi, da maganar ta yi wauta. Amma ni a ganina ya hango abin da ya fi guguwar haɗari. Kamfanonin inshora za su biya mutane kuɗin gidajensu. Waterloo da Cedar Falls, inda da yawansu dama suke zuwa aiki, tafiyar kusan rabin sa'a ce a mota, ga gidaje a gine, ga makarantu a tsaye. Mai iyali da cek a hannu da kango a gabansa, me zai hana shi tattara yaransa ya koma can? In gida hamsin suka yi haka, makaranta ta rage ɗalibai; in makaranta ta rage, wasu hamsin su bi. Haka ƙananan garuruwa suke mutuwa, ba da rana ɗaya ba. Gina makaranta zai ci fiye da shekara, gina unguwa ya fi haka. Fili ne kaɗai abin kowa da kowa da za a iya tayarwa cikin kwana ɗari. Ya ba mutane rana a kalanda, da aikin da za su iya gani ya ƙare.

Aikin kuwa na gwiwa ne. Babu injin da zai tsince gilashi daga cikin ciyawa ba tare da ya kashe ta ba, kuma ba a sa yara su yi ta faɗuwa a kan ƙusa. Sai aka jera mutane sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, suka durƙusa suna rarrafe daga wannan gola zuwa waccan, kowa yana laluben gabansa da yatsu yana zubawa a bokiti. A gama a sake komawa, domin duk ruwan da aka yi sai ya tono wani sabo. Wanda ya taɓa ganin gayya a gonar mai jinya ya san irin wannan aiki, sai dai a nan masu gayyar da yawansu su ma nasu gidan yana ƙasa. 'Yan wasan Falcons suna cikin sahun, bayan sun wuni suna kwashe baraguzan gidajen iyayensu da na maƙwabta. Ƙungiyoyin makarantun da suka saba karawa da su suka zo da motocinsu. 'Yan wasan Jami'ar Iowa suka zo aikin kwasar tarkace a gari. Su ma ƙwararrun nan huɗu suka waiwayo gida, suka sa hannu, suka yi amfani da sunansu wajen tara gudummawa.

Ranar 5 ga Satumba, kwana 103 bayan guguwar, aka kunna sababbin fitilu. Ɗalibai a lokacin a Aplington suke karatu, a matse cikin ginin ƙaramar sakandare. Bayan kujerun 'yan kallo ana hango gidaje rabi a gine, katako tsirara. Falcons suka fito suka lallasa West Marshall da ci 53 da 20. Suka ci gaba da cin wasa har sau goma sha ɗaya a wannan kaka kafin a fitar da su a gasar jiha. Kofi bai zo ba, babu kuma wanda ya damu. Lissafin da ya fi na kofi ya fito daga baya: a ƙidayar 2010, shekara biyu bayan an share kusan sulusin garin, mutanen Parkersburg 1,870 ne, wato 19 kacal suka ragu a kan na 2000. A ta 2020 sun kai 2,015. Ba zan ce ƙwallo ce kaɗai ta yi wannan ba. Akwai kuɗin inshora, da tallafin gwamnati, da taurin kan manoma. Amma wani ne ya fara cewa ba inda za shi, a lokacin da kowa ke duban bakin kowa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya isa a ba da shi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

A bazarar 2009 sabuwar makaranta ta kusa kammaluwa. Kafin a buɗe ta, a wata rumfar ajiye motocin makaranta aka zuba ƙarafan motsa jiki, nan yara suke zuwa da sassafe lokacin hutu su ɗaga ƙarfe, koci yana tsaye a kansu. Ranar Laraba 24 ga Yuni, wajen ƙarfe takwas saura kwata na safe, ɗalibai kimanin ashirin suna ciki, maza da mata, sai wani saurayi ɗan shekara 24 ya shigo. Babu wanda ya tsorata da ganinsa, domin ɗan gari ne, tsohon ɗan wasan ƙungiyar. Ya zaro ƙaramar bindiga ya harbi Thomas sau da dama a gaban yaran, ya fita. Bai taɓa kowa ba sai shi.

Jan Thomas tana cikin masu aikin sa-kai na motar ɗaukar marasa lafiya ta garin. Kiran gaggawa ya shigo mata kamar kowane kira, ta taho wurin, ta tarar mijinta ne. Shugaban 'yan sandan garin ma tsohon ɗan wasan kocin ne. Aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Waterloo, can rai ya yi halinsa. Yana da shekara 58. Shi kuma saurayin, a gidan iyayensa da ke bayan gari aka kama shi ba da jimawa ba, bai yi gardama ba.

A babban birni, mai kisa baƙo ne. A tsine masa a wuce. A Parkersburg ba haka abin yake ba. Mahaifin yaron ya buga wa Thomas wasa a shekarunsa na farko a garin. Iyayensa coci ɗaya suke zuwa da iyalin Thomas, abokan juna ne na shekaru. Ƙanensa yana cikin ƙungiyar a lokacin, yana shirin shiga shekararsa ta ƙarshe, kuma ɗan sahun gaba ne. Shi kansa saurayin ya daɗe yana fama, da farko da shaye-shaye, daga baya da ciwon taɓin hankali mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa. Iyayensa sun yi ta yawon nema masa magani, kuma Thomas yana cikin waɗanda suka yi ta ƙoƙarin jawo shi a jiki. Ciwon ya juya masa tunani har ya ɗauka kocin nan Shaiɗan ne da ke azabtar da shi. Kwana huɗu kafin kisan ya farfasa gidan wani mutum a Cedar Falls da sanda, 'yan sanda suka bi shi a guje a mota, aka kama shi aka kai shi asibiti a duba ƙwaƙwalwarsa. 'Yan sanda suna jiran a sallame shi su tafi da shi. Ranar 23 ga wata asibitin ya sallame shi, su ba su sani ba. Washegari da safe ya ɗauki bindiga.

Gari ne da kowa ya san motar kowa. Ba sai an faɗa ba, da wuya iyalin yaron nan su sake shiga shago ko coci a wannan gari. Abin da aka saba gani shi ne su sayar da gida su ɓace, ƙanen ya bar makarantar, a bar gari da ɓangare biyu: masu cewa ai iyayen sun sani, da masu yin shiru.

A ranar da abin ya faru, da rana, babban ɗan marigayin, Aaron Thomas, ya tsaya gaban 'yan jarida. Shekararsa 30, malami ne kuma kocin ƙwallon kwando a wata makaranta. Sa'o'i kaɗan ke nan da rasuwar mahaifinsa. Ya yi godiya, ya yi maganar imanin uban, sannan ya roƙi mutanen gari da su tuna da iyalin wanda ya yi kisan, su yi musu addu'a, su je su gaishe su, domin su ma suna cikin musiba. Ya faɗe ta a gaban kyamara, tun kafin wani ya riga shi faɗin akasinta.

A nan ne nake ganin nauyin abin yake. Yafiyar da aka yi bayan shekara biyar, zuciya ta huce, abin yabo ce, amma ba ta hana ɓarnar da ta riga ta auku. Wannan kuwa ta zo ne kafin gari ya yanke shawarar yadda zai ji. Da iyalin mamaci suka ce a je gidan can, wa ya isa ya fi su fushi? Mutane suka je. Kuma kada a ɗauka wai sun ce a saki mai laifi ne. Ba su nemi haka ba, shari'a ta yi aikinta, sun kuma zauna a kotu har ƙarshe. Abin da suka ƙi shi ne a haɗa uwa da uba da ƙane a cikin laifin da ba su yi ba.

Ranar 29 ga Yuni aka yi jana'iza. Jama'ar da ta taru ta fi mutanen garin yawa, coci bai ɗauke su ba sai da aka buɗe wasu wurare ana kallo ta talabijin. Kociyoyi daga ko'ina a jihar suka zo, da tsofaffin 'yan wasa na shekara talatin da 'yan kai. Wiegmann da DeVries da Meester da Kampman suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Mujallar Sports Illustrated, wadda ta saba sa hoton manyan taurari a bangonta, ta sa hoton malamin ƙauye.

Saura wata biyu a fara kaka. Mataimakansa biyu da suka daɗe tare da shi, Al Kerns da Jon Wiegmann, suka karɓi ƙungiyar tare. Aaron ya ajiye aikinsa ya dawo gida ya karɓi kujerar mahaifinsa ta shugaban sashen wasanni na makarantar. Ƙanensa Todd ya shiga cikin masu horarwa. Sai batun yaron nan, ƙanen wanda ya yi harbin. A cikin abokan wasansa akwai waɗanda suke tsaye a rumfar nan da safiyar Laraba, suka gani da idonsu. Yanzu ana so su jera da mai irin sunan, mai irin fuskar, su dogara da shi ya tare musu ƙato. Iyalin Thomas suka ƙarfafa masa gwiwa ya zauna, yaran kuma suka karɓe shi. Su fa 'yan shekara 16 da 17 ne. Cikin wata goma sha uku sun ga gidajensu sun tashi sama, sun ga an kashe malaminsu. Da sun ce ba za su iya ba, babu mai zarginsu.

Ranar 28 ga Agusta, 2009, suka fito filin nan suka kara da Dike-New Hartford, manyan abokan hamayyarsu, waɗanda su ma guguwar bara ta taɓa nasu yankin. Tashar ESPN ta nuna wasan kai tsaye ga ƙasar baki ɗaya, abin da ba a saba yi wa makarantar ƙauye ba. A jikin hulunansu akwai haruffan da ke tuna abubuwa uku da marigayin ya saba jerawa, kuma a wannan tsari: imani, iyali, sannan ƙwallo. Falcons suka ci 30 da 14. Ƙanen wanda ya yi harbin yana sahun gaba, ya kuma buga kakar har ƙarshenta.

An yi shari'ar a farkon 2010 a Allison, hedikwatar ƙaramar hukumar Butler. Babu gardama a kan wanda ya yi harbin, kuma likitocin ɓangarorin biyu sun yarda yana da ciwon. Tambayar da dokar Iowa ta ɗora wa masu taya alƙali yanke hukunci ita ce: a lokacin da ya ɗaga bindigar, ya san abin da yake yi, ya kuma san laifi ne? Suka kwashe kwanaki suna muhawara. Ranar 2 ga Maris suka ce ya sani. Iowa ta soke hukuncin kisa tun 1965, saboda haka ɗaurin rai-da-rai aka yi masa, babu afuwa. Har yau akwai masu ganin asibiti ya fi dacewa da shi fiye da kurkuku, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani sashe na laifin dai na tsarin da ya sake shi ne ranar Talata, ya bar iyayensa da shi. Majalisar jihar ma ta ga haka: a cikin watan Maris ɗin nan gwamna Chet Culver ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan Ed Thomas, wadda ta buɗe hanyar tilasta wa asibiti sanar da 'yan sanda kafin ya sallami mai taɓin hankalin da ake nema da wani laifi. Mahaifiyar saurayin kuma ta zama mai yawo gari-gari tana magana a kan ciwon ƙwaƙwalwa da wahalar da iyalai ke sha kafin a saurare su, har ta rubuta littafi a kai.

A watan Yuli na 2010, a birnin Los Angeles, a bikin karrama 'yan wasa na ESPY, aka kira Jan da Aaron da Todd kan dandamali aka ba su lambar jarumta ta Arthur Ashe. Wannan lamba ce da aka taɓa ba Muhammad Ali, kuma shekara ɗaya kafin su Nelson Mandela aka ba. Brett Favre, wanda ya yi shekaru yana wasa tare da Kampman a Green Bay, shi ya miƙa musu. A 2011 aka fitar da littafin tarihin kocin, iyalin kuma suka kafa gidauniya da sunansa. Lambar ta dace da su. Sai dai in da ni ke rabo, da na ware wani kaso na ba yaran nan da suka yi rarrafe a ciyawa a 2008, suka kuma buɗa wa ɗan'uwansu wuri a sahu a 2009, domin manya sun faɗi magana ne, su kuwa yaran su ne suka yi aiki da ita kullum da yamma a filin atisaye.

Aaron Thomas ya zauna a makarantar har ya zama shugabanta. Iyayen wanda ya kashe mahaifinsa ba su sayar da gidansu sun gudu ba, kuma bayan shari'ar iyalan biyu sun ci gaba da zuwa coci ɗaya ranar Lahadi.